Na'urar da Ba Ta Tambayar Hanya

Ranar 18 ga Yunin 1914 jama'a suka yi dafifi a gaɓar kogin Sen, a bayan birnin Faris, suna kallon gasar da aka shirya don neman dabarar rage haɗarin jirgin sama. Cikin masu fafatawa har da wani saurayi Ba'amurke ɗan shekara 21, Lawrence Sperry. Da ya zo wucewa ta gaban alƙalai sai ya saki sandar tuƙi, ya ɗaga hannayensa biyu sama, jirgi kuwa ya ci gaba da tafiya. Da ya sake zagayowa, makanikensa Emile Cachin ya fita daga kujerarsa ya taka kan fiffike. Nauyin mutum a gefe guda ya isa ya kifar da ƙaramin jirgi irin wannan, amma sai ya ɗan karkata ya koma daidai da kansa. Sperry ya lashe kyautar faran 50,000, duniya kuma ta fara ganin abin da a yau ake kira otofailot, wanda za mu riƙa kira na'urar tuƙi.

Sirrin na'urar wani faifai ne mai juyawa da tsananin sauri, jairoskof, wanda mahaifinsa Elmer Sperry ya daɗe yana aiki a kansa don jiragen ruwa. Wanda ya yi wasan katantanwa yana yaro ya san abin: muddin tana juyi da ƙarfi, a tsaye take, ba ta yarda ta kwanta. Haka faifan nan yake riƙe matsayinsa ko da jirgi ya karkata. Na'ura ta auna bambancin da ke tsakanin faifan da jikin jirgin, ta ja wayoyin fiffike da na wutsiya ta mayar da shi daidai.

Amma riƙe jirgi kada ya kife daban yake da kai shi garin da aka nufa. Shekara ɗari da goma da suka biyo baya an kwashe su ne ana koya wa na'urar wannan aiki na biyu, wato bin layin da aka zana a taswira. Ta koya, har ta ƙware fiye da kowane ɗan'adam. Abin da muke so mu bibiya a nan shi ne yadda wannan ƙwarewa ta kawar da wani haɗari ta kuma haifi wani a gurbinsa.

Na'urorin farko alƙibla kawai suke riƙewa. Matuƙi ya juya hancin jirgi zuwa digiri kaza a kamfas, na'ura ta riƙe hancin a nan. Ko hakan ma babban sauƙi ne. A watan Yulin 1933 Wiley Post, matuƙi mai ido ɗaya, ya zagaya duniya shi kaɗai cikin kwana 7 da awa 18 da minti 49. Na'urar Sperry da ke jirginsa ta ba shi wahala har sai da aka yi ta gyaranta a hanya, duk da haka ita ce ta ba shi sararin sakin hannu ya duba taswira. Sai dai inda hanci ya fuskanta ba lallai can jirgi yake zuwa ba. Mai fito da ke tsallaka kogi da kwalekwale ya san in ya miƙe sak ga mashigin da ke tsallake, ruwa zai kai shi can ƙasa, dole ya karkata hancinsa sama. Iska ma kogi ce. In tana bugun jirgi daga gefe da gudun kilomita 40 a awa, bayan awa uku ya kauce da kilomita 120, alhali kamfas bai motsa ba ko kaɗan. Ga kuma lissafin da kowane matuƙi ya haddace: kuskuren digiri ɗaya kaucewar kilomita ɗaya ce a kowace kilomita 60.

Shi ya sa manyan jirage na wancan zamani suke da ma'aikaci na musamman, mai duba hanya, wanda ke auna taurari da iska yana gaya wa matuƙi alƙiblar da zai riƙe. In ya yi kuskure, kowa ya bi shi. A daren 25 ga Mayun 1952 wani jirgin kamfanin BOAC na Ingila, samfurin Hermes, ya tashi daga Tarabulus ta Libiya zuwa Kano. Kamfas arewar maganaɗisu yake nunawa, wadda ta ɗan saɓa da arewar taswira, don haka a kowane yanki akwai adadin digirin da ake sa wa na'ura ta gyara. Ana buƙatar digiri 6, mai duba hanya ya sa 60. Jirgin da ya kamata ya yi kudu sai ya ratsa Sahara ya nufi kudu maso yamma. Da gari ya waye mai ya ƙare, aka saukar da shi a kan yashi kusa da Atar ta ƙasar Muritaniya, sama da kilomita 2,000 daga inda ake jiransa. Duk mutum 18 da ke ciki sun fito da rai, amma mataimakin matuƙin ya rasu bayan 'yan kwanaki a can hamadar.

Maganin da aka samo shi ne a shimfiɗa wa jirgi hanya da igiyar rediyo, a kuma haɗa na'urar tuƙi da ita kai tsaye. A watan Satumbar 1947 wani jirgin sojan saman Amurka samfurin C-54 ya tashi daga Newfoundland ya tsallaka Tekun Atlantika ya sauka a Brize Norton ta Ingila, na'ura ce ta yi komai tun daga tashi har sauka. Bayan shekara biyu Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, ta amince da wata irin tashar rediyo da ake kira VOR. Tashar kamar cibiyar ƙafar keke take, layuka 360 na fita daga cikinta zuwa kowace kusurwa. Matuƙi ya zaɓi layin da yake so, wata allura a gabansa ta nuna masa ko yana dama da layin ko yana hagu.

A nan ne aikin na'urar tuƙi ya zama abin lissafi sosai. Tambaya biyu take yi a kowane lokaci: nawa na kauce, kuma da wane sauri nake komawa? In aka gina ta da zafin nama, sai ta fizgi jirgi zuwa layi, ta wuce shi, ta sake fizgowa, jirgi ya riƙa tafiyar maciji a sararin sama. In aka gina ta da sanyin jiki, iska ta kwashe jirgin kafin ta farga. Abin da ya ƙara wa VOR wuya shi ne da digiri take auna kaucewa. A nesa da tasha digiri ɗaya fili ne babba, a kusa da ita kuwa 'yan taku ne, sai allura ta riƙa rawa. Daidai saman tashar sigina yakan rikice gaba ɗaya, har aka koya wa na'urori su toshe kunne na ɗan lokaci su riƙe alƙiblarsu sai an wuce. Duwatsu da gine-gine kuma suna lanƙwasa siginar, na'ura ta bi lanƙwasar tamkar hanya ce. Saboda haka aka yi wa hanyoyin sama faɗi. A Amurka hanya guda mil 8 ce na teku, kusan kilomita 15, domin an san babu jirgin da zai zauna a tsakiya.

Inda rediyo ya fi nuna bajinta shi ne wajen sauka. Siginar da ke jagorantar jirgi zuwa titin sauka tana ƙara tsukewa yayin da ake matsowa, kamar bakin mazurari. Ingila, ƙasar hazo, ita ta fi matsa ƙaimi a wannan fanni. Ranar 10 ga Yunin 1965 wani jirgi samfurin Trident na kamfanin BEA, ɗauke da fasinjoji daga Faris, ya taɓa ƙasa a filin Heathrow na Landan a hannun na'ura. A shekarar da ta biyo baya aka saukar da irinsa cikin hazon da ya hana sauran jirage sauka.

A tsakiyar teku kuwa babu inda za a kafa tasha. Amsar ta zo tare da Boeing 747 wajen 1970: wani akwati mai jairoskof da ma'aunan motsi, wanda ba ya buƙatar sigina daga waje. Kafin tashi a gaya masa daidai inda yake, daga nan ya riƙa ƙirga kowane motsi da kowace juyawa, kamar makahon da ya haddace yawan takun da ke tsakanin gidansa da kasuwa. Matuƙa su shigar masa da lambobin zango-zango, ya ja layi tsakaninsu, na'urar tuƙi ta bi. Kuskurensa yana taruwa a hankali, mil ɗaya zuwa biyu a kowace awa. Wannan akwati ya kawo ƙarshen kujerar mai duba hanya a ɗakin matuƙa. Da shi aka samu damar rage tazarar da ke tsakanin hanyoyin arewacin Atlantika daga mil 120 zuwa 60 a farkon shekarun 1980.

Sai dai mutumin da aka sallama shi ne wanda aikinsa kullum ya yi shakka. Akwatin da ya gaje shi ba ya shakkar lambar da aka ba shi. Ranar 28 ga Nuwambar 1979 jirgin Air New Zealand samfurin DC-10 ya ɗauki masu yawon buɗe ido zuwa kallon ƙanƙarar Antatika. A taron bayanin da aka yi wa matuƙan kwanaki kafin tafiya, layin da aka nuna musu ta kan wani shimfiɗaɗɗen mashigin teku ya bi. Daren da za a tashi aka canza lambobin zangon ƙarshe a kwamfutar kamfani, ba a kuma gaya musu ba. Layin ya matsa gabas da kilomita 40 da 'yan kai, ya hau kan dutsen Erebus mai tsawon mita 3,794. Matuƙan suka yi ƙasa don fasinja su gani da kyau, farin gajimare ya saje da farar ƙanƙara, ido ya kasa raba dutse da sarari. Mutum 257 suka mutu. Binciken farko ya ɗora wa matuƙa laifi, amma hukumar da mai shari'a Peter Mahon ya jagoranta ta nuna a 1981 cewa canjin lambobin nan ne ummul'aba'isin haɗarin. Bayan tafiyar dubban kilomitoci, jirgin yana kan layinsa kusan daram lokacin da ya daki dutsen.

Bayan shekara huɗu aka ga kishiyar wannan. Ranar 1 ga Satumbar 1983 jirgin Koriya ta Kudu mai lamba 007 yana kan hanyarsa daga Anchorage ta jihar Alaska zuwa Seoul. Bayan tashi an sa na'urar tuƙi ta riƙe alƙibla, wajen digiri 245, da nufin a mayar da ita kan layin akwati daga baya. Rahoton ICAO na 1993, wanda aka rubuta bayan Rasha ta miƙa akwatunan naɗar bayanan jirgin, ya nuna na'urar ba ta taɓa kama layin ba. Ko dai matuƙan ba su juya makunnin ba, ko sun juya shi bayan jirgin ya riga ya kauce fiye da mil 7.5, tazarar da na'urar ba ta kama layi in an wuce ta. Sama da awa biyar tana riƙe da alƙibla ɗaya kamar na'urar zamanin Wiley Post, matuƙa kuma suna ba da rahoton sun wuce zango kaza da zango kaza. Jirgin ya ratsa sararin samaniyar Tarayyar Sobiyet ta kan Kamchatka, ya kuma shiga ta kan tsibirin Sakhalin, ya kauce da kimanin kilomita 500. Jirgin yaƙin Sobiyet ya harbo shi, mutum 269 suka hallaka.

Makonni biyu bayan haka shugaban Amurka Ronald Reagan ya sanar cewa tsarin taurarin ɗan'adam da sojojinsa ke ginawa, GPS, za a buɗe shi ga jiragen farar hula. Tsarin ya kammala a 1995. A watan Mayun 2000 gwamnatin Bill Clinton ta daina gurɓata siginarsa da gangan, kuskuren ya sauko daga wajen mita 100 zuwa mita goma da wani abu. Wannan kuskure ba ya ƙaruwa da nisa kamar na VOR, ba ya kuma taruwa da lokaci kamar na akwati. Aka fara ba hanyoyi lamba: in an ce hanya ta mil ɗaya ce, dole jirgi ya kasance cikin mil ɗaya daga tsakiyarta kashi 95 cikin ɗari na lokaci, kuma na'urarsa ta yi ƙara in ta kasa tabbatar da hakan. A 1996 kamfanin Alaska Airlines ya fara amfani da irin wannan hanya wajen shiga garin Juneau ta wani siririn mashigi tsakanin duwatsu. A yau akwai hanyoyin sauka da lambarsu ta kai 0.1, wato mita 185, masu lanƙwasa kamar hanyar mota.

Duk da haka, a daidai shekarar da GPS ya kammala, tsohon darasi ya maimaita kansa. Daren 20 ga Disambar 1995 jirgin American Airlines samfurin Boeing 757 yana gangarawa zuwa Cali ta ƙasar Kolombiya ta cikin wani kwari. Matuƙan suna son tashar Rozo da ke gabansu, suka danna harafin R a kwamfutar jirgi, suka karɓi abin da ya fara fitowa. Ashe wata tasha ce mai suna Romeo, kusa da Bogota, sama da kilomita 200 daga wurin. Na'ura ta juya jirgin hagu ta nufi can, ba ruwanta da duwatsun da ke tsakani. Kafin su gyara sun fita daga kwarin. Cikin mutum 163, huɗu ne suka rayu.

Akwai kuma wani haɗarin da ƙwarewar kanta ta haifar. A zamanin da kowane jirgi ke kaucewa da mil biyu ko uku, in mai kula da zirga-zirga ya yi kuskure ya sa jirage biyu a hanya ɗaya da tsawo ɗaya, yawanci sai su saɓa ba su ma san da juna ba. Rashin iyawa ne ke raba su. Ranar 29 ga Satumbar 2006, a saman dajin Amazon na Brazil, jirgin kamfanin Gol samfurin Boeing 737 ya taso daga Manaus zuwa Brasilia, wani sabon ƙaramin jirgi samfurin Legacy kuma ya nufi Manaus. Hanya ɗaya suke bi, dukansu a ƙafa 37,000, saboda ba a sauya wa ƙaramin tsawonsa ba kamar yadda tsarin tafiyarsa ya nuna. Na'urarsa mai sanar da inda yake ba ta aiki a lokacin, don haka na'urar gargaɗin karo ba ta yi ƙara a ko wanne jirgi ba. A cikin sararin da ba shi da iyaka, ƙarshen fiffiken ƙaramin ya yanke fiffiken babban. Ƙaramin ya samu sauka a wani sansanin soja da mutanensa bakwai. Babban ya tarwatse da mutum 154.

Masana sun daɗe da hango irin wannan, kuma maganin da suka kawo yana da ban mamaki: a mayar da kuskure da gangan. Tun daga 2004, jiragen da ke tsallaka arewacin Atlantika an ba su izinin kauce wa tsakiyar hanya zuwa dama da mil ɗaya ko biyu, kowane matuƙi ya zaɓi nasa ba tare da neman izini ba, don a warwatsu. An faɗaɗa wannan tsari zuwa wasu yankunan da na'urar hangen jirage ba ta kaiwa. Bayan shekara casa'in ana koya wa na'ura zama a tsakiyar layi, sai ga shi ana roƙonta ta ɗan matsa gefe.

Mutanen ƙasa ma sun ji a jikinsu. Da can ƙarar jiragen da ke tashi daga babban fili takan rarrabu a kan unguwanni da yawa. Da hanyoyi suka tsuke, sai ta taru a kan rufin gidaje ƙalilan, jirgi bayan jirgi. A birnin Phoenix na Amurka an canza hanyoyin tashi a watan Satumbar 2014, birnin ya kai hukumar sufurin jiragen saman ƙasar ƙara, kotu ta ba shi gaskiya a 2017. Ga kuma sabuwar matsalar da yaƙe-yaƙe suka kawo. Siginar GPS daga nisan kilomita 20,000 take zuwa, ba ta da ƙarfi, ana iya toshe ta ko a aika ta bogi. A 2024 kamfanin Finnair ya dakatar da zuwa garin Tartu na ƙasar Estoniya tsawon wata guda saboda toshewar, sai da aka samar da hanyar sauka mai dogaro da na'urorin ƙasa. Tsofaffin tashoshin rediyo da aka fara shirin rufewa, yanzu ƙasashe na ajiye wani kaso nasu don ko-ta-kwana.

In aka tambaye mu yau ko na'urar tuƙi tana bin hanya da kyau, amsar ita ce tana bi fiye da yadda Sperry zai taɓa mafarki. Babban jirgi kan shafe awa goma yana tafiya, kaucewarsa sau da yawa ba ta kai faɗin fikafikansa ba, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa tafiyar sama ta fi ta mota aminci nesa ba kusa ba. Amma a Erebus da Sakhalin da Cali babu inda na'ura ta lalace. Ta yi abin da aka ce ta yi, har ƙarshe. Shi ya sa horon matuƙa na yanzu ya cika da abubuwan da mai kallo zai ɗauka ɓata lokaci ne: ɗaya ya shigar da zango, ɗayan ya duba kafin a danna, duk canjin da ya bayyana a allon na'ura a faɗe shi da baki, a gwada abin da taurari suka ce da abin da tashar ƙasa ta ce. Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata. Na'ura ta karɓi aikin riƙe hanya, ta kuma iya shi. Aikin tambayar ko hanyar ce har yanzu yana wuyan mutum biyun da ke zaune a gaba.